Mai Motar Bakin Titi, Ɗan Tasha ko Kamfani: Wa Za Ka Damƙa wa Kayan Gidanka Ranar Tashi?

Shekara uku ke nan da muka tashi daga gidan haya a wani lungu na Ƙofar Marusa muka koma bayan Ƙofar Ƙaura, amma har yau in maiɗakina ta tsaya gaban madubinta sai ta shafa tsagar da ta ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Yana cikin kayan ɗakin da mahaifinta ya yi mata, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ta ƙi yarda a fitar da shi. A ranar tashin, wani mai a-kori-kura na tsayar a bakin titi, muka yi ciniki a tsaitsaye. Ban tambayi tasharsa ba, ban rubuta lambar motarsa ba. Ya jingina madubin da ƙarfen bodi, ba bargo ba kwali, ya ja igiya ya ɗaure tamau. Da aka sauke na nuna masa, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne. Gobe in sha Allahu zan zo da mai gilas." Gobe ta yi, wayarsa a kashe. Jibi ma haka. Ban san gidansu ba, ban san wanda zan kai wa kukana ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini zai tashi yana neman mota, kafin mu kai ga maganar kuɗi nakan tambaye shi: in wani abu ya lalace ko ya ɓace, a ina za ka sami mutumin nan, kuma wa ya isa ya tsawata masa? Da wannan ma'aunin nake auna duk masu ɗaukar kayan da ke garin nan na Katsina.

Mu fara da na kusa, wato masu 'yar ƙurƙura da a-kori-kura da ke jiran aiki a bakin kasuwa da mahaɗar tituna. Ba zan ɓata su duka saboda mutum ɗaya ba, akwai masu amana sosai a cikinsu, kuma suna da ranar da babu mai yi maka ita sai su. Wanda ke zaune a cikin gari, wajejen Unguwar Alkali ko Rafukka ko lungunan da ke kewaye da hasumiyar Gobarau, ya san babbar mota ba ta da hanyar shiga ƙofar gidansa. Ƙaramar ce za ta kutsa. Ga ɗalibi ko saurayi mai ɗaki ɗaya, katifa da firji ƙarami da 'yan akwatuna, ita ce daidai. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen lissafi. Mai gida mai ciki da falo da ɗakin yara sai ya ji kuɗin sawu ɗaya ya ga araha, bai ƙirga cewa sawu biyar ko shida zai yi ba. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane sawu da nauyinsa, kuma sau da yawa in ka tara su sai ka tarar sun haura kuɗin babbar motar kaya Kanta ɗaya da za ta kwashe komai a tashi guda. Don haka a rarrabe tun farko: jinga aka yi ta kwashe gidan kaf, ko kuwa kuɗin sawu ne? Yawancin rigimar da ake yi a ƙofar sabon gida, rabin kaya a ƙasa rabi a mota, daga nan take tasowa. In dole sai ƙaramar mota, ɗauki wanda wani naka ya sani har gidansu, ko wanda ɗan kasuwar da kake hulɗa da shi ya saba ba shi kayan shago.

Na biyu, wanda ni na fi karkata gare shi in gidan mai iyali ne kuma tafiyar cikin jiha ce, shi ne shatar mota daga tasha. Direban da ke lodi a tasha yana ƙarƙashin ƙungiya, galibi ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, akwai shugaban reshe, akwai sakatare, akwai 'yan kamasho da suka san shi, suka san mai motar. Abincinsa na gobe a wurin yake, ba zai kashe waya ya ɓace a kan madubi ɗaya ba. Za ka biya la'ada a kan kuɗin shata, kada ka ji ƙyashinta, kuɗin samun wanda za ka riƙe ne.

Amma fa ka je da ƙafarka, kada ka ƙulla ta waya. Gani ya kori ji. Ka gaisa da shugaban tasha ko sakatare, a yi cinikin a gabansa, ka karɓi lambar wayarsa tare da ta direba. Sannan ka ce a nuna maka ainihin motar da za ta zo, ka ɗauki hoton lambarta, domin yakan faru a nuna maka mai lafiya, ranar aiki a turo maka wata. Ka leƙa cikin bodin da kyau. Motar da jiya ta sauke gawayi ko siminti ko taki ko awaki, in ba a share an shimfiɗa wani abu ba, kujerun falonka da katifunka ne za su gaya maka. Ka dubi tayoyi. Ka ce a warware tamfol ɗin a gabanka ka ɗaga shi ga rana, duk huda za ta bayyana. A watan Agusta, hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, kuma katifar da ta sha ruwa ba ta komawa yadda take. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba.

Raunin ɗan tasha a bayyane yake: direba ne, ba gwanin shirya kayan gida ba ne. 'Yan lodinsa sun saba da buhu da katan, hannunsu na da nauyi a kan tangaran da talabijin na bango. Babu inshorar kayanka a hannunsa, in an yi ɓarna sulhu za a zauna. Saboda haka naɗewa da ɗaurewa aikinka ne kai da iyalinka tun kwana biyu kafin ranar: tsofaffin barguna da zannuwa a jikin gilas, kwalaye daga masu shagon kayan masarufi, kwanuka da kuloli a cusa tsumma tsakaninsu. A kuma faɗa a fili ko kuɗin 'yan lodi na cikin shatar, da na saukewa, musamman in sabon gidan bene ne.

Sai kamfani. Gaskiyar magana, kamfanonin da ke zuwa da kwalayensu da ma'aikatansu su naɗe su kwashe su jera maka, galibinsu a manyan birane irin su Abuja da Legas suke. In canjin wurin aiki aka yi maka zuwa can, ko kayanka masu tsada ne ƙwarai, sun cancanci kuɗinsu. In kuwa daga Sabuwar Unguwa za ka koma Dandagoro, kiran mota daga Kano, tafiyar kusan kilomita 170 ta zo fayau ta koma fayau, kai ne za ka biya man.

A nan ne kuma aka fi yin damfara, don kowa na iya buɗe shafi a Facebook ya liƙa hoton farar mota mai kyau. Wasu dillalai ne kawai, in ka biya su sai su je tasha su ɗauko maka Kantar da kai ma za ka iya ɗaukowa. Ka nemi lambar rajistarsu ta CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, mai farawa da RC ko BN, ka duba sunan a shafin hukumar na intanet, kyauta ne. Rajista ba shaidar amana ba ce, amma tana nuna akwai sunan da za a iya kai ƙararsa, ko kotu ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ka tura wani naka ya ga ofishinsu da idonsa. In za ka ba da kafin alƙalami, sunan da ke kan asusun bankin ya dace da sunan kamfanin. Da zarar an ce ka tura asusun wani yaro, ka tsaya. Wanda ya yanke maka farashi bai zo ya ga kayan ba, bai ko ce ka zagaya da shi ta kiran bidiyo ba, ka sa ran ƙari ranar aiki. Wanda kuma ya dage sai ka biya duka kafin mota ta iso, rabu da shi.

Maganar inshora na son kulawa. In ka tambaya, da yawa za su ce "motarmu na da inshora". Wannan takardar da ake nuna wa jami'an hanya, galibi ta ɓarnar da mota ta yi wa wasu ce, ba ta biyan kayan da ke cikinta. Ta kaya a kan hanya daban take. A nuna maka ita a rubuce, da sunan kamfanin inshorar, da iyakar kuɗin da za a biya, kuma a rubuta ƙimar manyan kayanka a cikin yarjejeniya.

Akwai wata dabara ga mai komawa Kano ko Zariya: motocin da suka kawo kayan 'yan kasuwa Katsina suna komawa ba kaya, sukan yi rangwame mai kyau. Sai dai lokacin nasu ne ba naka ba, kuma ita ma ta hannun tasha za a bi. Motar aro ta ɗan'uwa kuwa, da samarin gida, ta fi dacewa da kayan kicin da suturar mata, abin da ba a so baƙon namiji ya taɓa. Manyan kaya kada ka ɗora musu, don in ƙanenka ya fasa talabijin, kunya ba za ta bar ka ka ce uffan ba, abin ya zauna maka a rai.

Ko wa ka zaɓa, hanya na da nata sharaɗin. Jiharmu ta yi iyaka da Nijar ta Jibiya da Kongolam, don haka mota lulluɓe da tamfol dole ta ja hankalin jami'an kwastan. Buhunan abinci a sa su inda za a gani ba sai an sauke gado ba, rasiɗin sababbin kayan wuta kuma ya kasance a aljihun wanda ya raka motar. Lallai wani naka ya zauna gaba tare da direba, riƙe da takardar da aka jera kayan, a ƙirga wajen lodi a ƙirga wajen saukewa. Ku yi magana tun a tasha cewa tarar lodin wuce kima ko ta matattun takardu, ko a hannun KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, ko jami'an kiyaye haɗura, ta direba ce. Tafiya mai nisa a tashi bayan asuba a isa da rana tsaka. Halin da wasu hanyoyinmu ke ciki bai bar wa kowa sha'awar tafiyar dare da kayan gida ba.

Akwai ayyukan da ba na direba ba ne ko kaɗan. Gado da wadirof kafinta ne zai kwance, ya zuba notuna a leda ya ɗaure jikin kowanne. Na'urar sanyaya ɗaki mai gyaranta ne zai cire, ya tara iskar gas ɗin a cikin injin waje kafin ya kwance bututu, in ba haka ba sai ka sake sayen gas. Farantan sola da batura ma mai haɗa su za a kira. Firji a tsaye ake ɗaukarsa, in an sauke a bar shi wasu awoyi kafin a jona. A tsiyaye man janareto, tukunyar gas a rufe ta tafi a tsaye. Gwal ɗin maiɗaki, takardun fili, shaidar karatu da kuɗi, waɗannan ba sa hawa motar kaya sam, a jikinka suke tafiya.

Wajen biya, ka ba da na mai tun farko, ragowar sai an sauke an duba. In komai ya cika, a sallami mutane nan take tun guminsu bai bushe ba, da ruwan sanyi da ɗan abin taɓawa, don aikin ƙarfi suka yi.

Bara da aka mayar da ƙanwata aiki Daura, tafiyar kusan kilomita 80, Kanta muka ɗauka daga tasha a gaban sakatare, ɗanta babba ya zauna gaba da takarda. An sauke lafiya sai ƙafar kujera ɗaya da ta karye, direba ya ce dama can a girgiɗe take. Ban yi musu da shi ba. Washegari na koma tasha da hoton da muka ɗauka kafin lodi. Sakataren ya duba, ya aika aka kira direban daga wajen mai shayi, ya ce masa, "Kai da bakinka ka ce ka karɓi kaya lafiya. Kuɗin kafinta a cikin naka zai fita." Ranar Asabar aka gyara kujerar.