Shekara guda da na'urar awo mai kamara a shagon sassaƙar ƙarfe a Yamai

Shagonmu yana unguwar masana'antu ta Yamai, kuma yawancin aikinmu na gyaran injinan ban-ruwa ne da injinan niƙa: sandunan famfo, da mazaunin rulma, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira boris, da faranti masu ramuka da ake ɗaure murfi a kansu. Masu lambu na bakin kogi su ne abokan cinikinmu na kullum, sai kuma manoman albasa daga wajen Galmi a jihar Tawa, waɗanda kan aiko da ƙarfen da ya karye cikin buhu su ce a sassaƙa masu irinsa kafin shuka ta bushe. Shekaru masu yawa da piye-a-kulis, ma'auni mai baki da ke zamewa, da palmer, ma'aunin kauri da ake murɗawa, muke awo, kuma ba su taɓa kunyata mu ba a kan abin da za su iya kamawa. Abin da ya gagare su shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar rami da tsakiyar wani, da lanƙwasar da ba ta da wurin kamawa, kuma wannan ne ya sa bara na rufe ido na sayi na'urar awo mai kamara.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, teburi ne na gilashi a kan gindin dutse mai nauyi, ana juya shi gaba da baya, dama da hagu, kamara kuma tana kallonsa daga sama. Akwai fitila a ƙarƙashin gilashin mai fitar da inuwar ƙarfen, da wata zagayayya a bakin kamarar mai haska samansa. Kwamfuta ce ke neman iyakar da haske ya ƙare duhu ya fara, ta haɗa wannan da abin da ma'aunin gilashin da ke jikin teburin ya karanta, sannan ta fitar da adadi. Babu abin da ke taɓa ƙarfen. Tawa ta hannu ce, teburinta na tafiya milimita 300 a tsawo da 200 a faɗi, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome ta ratso Burkina Faso a bayan mota, saboda haka abin da na fara yi bayan buɗe akwati shi ne duba ko jijjigar hanya ta karkatar da wani abu. Ba ta karkatar ba, kuma na yaba wa yadda aka ɗaure ta.

Allon kwamfutar yana nuna awo har zuwa mikron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Mu masu tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, da santiyem muka saba lissafi, santiyem ɗaya kuwa mikron 10 ne, gashin kan mutum kuma kaurinsa ya kai wajen santiyem bakwai. Ranar farko yaran shago sun taru suna kallon adadin yana motsi kamar sun ga abin al'ajabi, ni ma kuma ban tsira daga wannan ruɗin ba. Amma takardar da ta zo da na'urar ba ta yi alkawarin mikron ɗaya ba. Abin da ta ce shi ne kuskuren awon tsawo ba zai wuce mikron 3 ba, a ƙara da tsawon abin a milimita an raba shi gida 200, ma'ana mikron 4 a kan abu mai milimita 200, kuma wannan da sharaɗin ɗakin yana digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar duniya da ake gwada irin waɗannan na'urori da ita ita ce ISO 10360-7, wadda ta fito a 2011, kuma duk mai niyyar saye ya kamata ya tambayi mai sayarwa ko a kanta aka yi gwajin, domin wasu takardun adadi kawai suke rubutawa ba tare da faɗin yadda aka same shi ba.

Inda na'urar ta biya kuɗinta shi ne a kan abu mai faɗi kuma marar kauri. An taɓa kawo mana farantin famfo mai ramuka takwas da ya tsage gida biyu, babu zane, babu lamba, kuma a da aikin rabin yini ne da kamfas da zato. Na haɗa gutsattsarin a kan gilashin, na ɗauki ɗigo-ɗigo a bakin kowane rami, kwamfutar ta ba ni tsakiyar kowannensu da da'irar da suka jeru a kanta cikin abin da bai kai minti ashirin ba, ta kuma fitar da zanen da muka yanka sabon farantin da shi, ya zauna a mazauninsa ba tare da an sa masa zarto ba. Haka take a kan robar toshe yoyo, wadda palmer ke matsewa idan ya kama ta, da kan haƙoran zare, inda ake ganin kusurwa da tazarar haƙori ƙuru-ƙuru. Na gwada maimaicinta da tubalin gwaji na ƙarfe mai milimita 50, na auna sau goma ba tare da na ɗaga shi ba, bambancin bai wuce mikron 2 ba.

Sai dai maimaita magana ɗaya sau goma ba ya mayar da ita gaskiya, kuma wannan na koye shi a watan Afrilu a kan sandunan famfo goma sha biyu. Mazaunin rulma mai lamba 6206 ake yi masu, wadda raminta milimita 30 ne, kuma zanen ya nemi k6, wato kaurin sandar ya tsaya tsakanin mikron 2 da mikron 15 a saman milimita 30. Gaba ɗaya filin da aka ba mu mikron 13 ne. Saboda sabon abu yana da daɗi, sai na ce a auna su a na'urar maimakon palmer, ta kuma nuna mikron 10 ko 11 a saman milimita 30 a kan kowace, muka tura su wurin haɗawa hankali kwance. Da la'asar babban yarona ya shigo riƙe da sanda ɗaya, rulmar ta tsaya a rabin hanya, ya ce: "Maigida, wannan ba za ta shiga ba sai da guduma, wadda muka tilasta kuma da ƙyar take juyawa. Ko ku sa mata palmer mu gani?" Na sa, ya nuna santiyem biyu cif a saman 30. Tazarar da ke tsakanin na'urar da palmer ta kusa cinye filin duka.

Kwana biyu na yi ina neman mai laifi. Na gwada palmer da tubalin gwaji na same shi daidai, sannan na ɗora sandar gwaji mai sanannen kauri a kan gilashin, sai na'urar ta rage mata wajen mikron 9, kamar yadda ta rage wa sandunanmu. Dalilin yana cikin fitilar ƙasa. Haskenta a warwatse yake fitowa, kuma idan ya bugi gefen abu zagayayye mai sheƙi sai wani sashe ya karkato ya shiga kamarar, wurin da ya kamata ya yi baƙi ya yi fari, inuwar ta fito siririya fiye da ƙarfen. Gwargwadon gogewar sandar, gwargwadon yadda take rama a idon na'urar. Da na rufe fitilar da baƙar takarda na bar ƴar tsaga daidai ƙarƙashin sandar, na kuma tabbatar kamarar ta daidaita ganinta a kan tsakiyar kaurin ba a kan doronsa ba, kuskuren ya sauko zuwa mikron 3. Littafin da ya zo da na'urar bai ambaci wannan ba ko da layi ɗaya, kuma wannan ina ganinsa babban gibi ne, tun da sanda ita ce abin da kowane mai tur zai fara ɗorawa. Sandunan dai mun mayar da su kan tur muka rage su, kuma Allah ya taimake mu kuskuren ta wajen ƙari ya zo, domin ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Zafi shi ne abu na biyu, kuma a Yamai ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1931 aka tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake ƙiyasta duk wani awon tsawo na masana'antu a kansa, mu kuwa a bazara inuwa ma takan haura digiri 40. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan mikron 11 da rabi a kan kowane digiri, alminiyam kusan 23, gilashin da na'urar ke karanta tafiyarta da shi kuma wajen 8. Abin lura a nan shi ne palmer ƙarfe ne, saboda haka idan shi da sandar ƙarfe suna zafi ɗaya tare suke miƙewa, kuskuren ya kashe kansa, shi ya sa iyayen gidanmu suka yi shekaru suna awo a rumfar kwano ba tare da sun ji a jikinsu ba. Na'urar ba ta da wannan gatan. Ranar da wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ɗakin ya kai digiri 35, farantin alminiyam mai milimita 200 zai nuna ƙarin wajen mikron 45, fiye da ninki goma na abin da takarda ta yi alkawari, na ƙarfe kuma wajen mikron 10. Masu tsada suna da ma'aunin zafi da ke gyara wannan lissafi da kansu, tawa ba ta da shi, sai na rataye ma'aunin zafi a bango na kafa doka cewa duk abin da ya sauko daga tur sai ya kwana a ɗakin, ko aƙalla ya yi awa uku, kafin a ɗora shi. Wanda zai sayi irin wannan na'ura ya sa kuɗin ɗaki mai rufi da na sanyaya shi da na batirin ajiyar wuta a cikin farashinta tun farko.

Da hunturu ya shigo sai ƙura ta karɓi aikin. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta maƙale a bakin rami kwamfutar takan ɗauke ta a matsayin ƙarfe, ramin ya fito ƙarami kuma tsakiyarsa ta goce, haka ma ɗan tsinin da wuƙar yanka ke bari a baki da maiƙon da bai gogu ba. Palmer yakan ture irin wannan ko mai riƙe da shi ya ji a yatsa, kamara kuwa duk abin da ya tare haske abu ɗaya ne a wurinta. Akwai wurin da ake umartar kwamfutar ta watsar da ɗigon da ya yi nisa da ƴan'uwansa, yana kuma taimakawa, amma bai kai wanke ƙarfen da alkol da rufe gilashin da mayafi ba.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne na'urar ba ta raba mu da bambancin hannu ba, wurinsa kawai ta sauya. Yara biyu sun auna rami guda suka sami tazarar mikron 6, da na tsaya a kansu sai na ga ɗaya yana ƙure fitilar ƙasa, hasken ya malalo ya ci bakin ramin ya faɗaɗa shi, ɗayan kuma yana rage ta. Haka kuma idan aka juya madubin kamarar don ƙara girman hoto, dole a sake daidaita ta da farantin gilashin gwaji, wanda ya manta kuwa zai sami adadi mai kyan gani da ba shi da tushe. Yanzu kowane irin aiki yana da ƙarfin haskensa da girman hotonsa a rubuce a littafi kusa da na'urar. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan idon kuwa mudu ne, sai dai bai san kima ba, ba zai taɓa ce maka adadin nan ya yi kama da kuskure ba.

Zurfi da cikin rami ban ba ta amana ba. Bakin ramin kawai take gani, ko mafi ƙuncin wurin da haske ya ratsa, saboda haka ramin da ya buɗe a tsakiya ko ya tsuke a ƙasa sai ma'aunin cikin rami ko toshiyar gwaji. Awon tsayi kuma da daidaita gani take yin sa, kuma a ƙaramin girman hoto na ga yana yawo da santiyem guda ko fiye.

Ta fuskar juriya ba ni da ƙorafi mai yawa. A shekara guda ba abin da ya lalace a jikin teburin, kuma sandar gilashi mai layuka da nake gwada ta da ita farkon kowane wata ba ta nuna gocewar da ta wuce mikron 2 ba. Rauninta yana wajen kwamfuta da mai sayarwa. Manhajar ba ta buɗewa sai da ɗan makullin da ake sokawa a jikin kwamfutar, ranar da ya daina aiki kuma mako uku na'urar ta yi a rufe kafin wani ya iso, saƙonnina ta WhatsApp ana amsa su bayan kwana biyu, kuma babu ma'aikacinsu da ya taɓa tako Yamai don ya sake gwada ta. Littafin da Turancin Ingilishi kaɗai yake, alhali yaranmu da Faransanci suka yi karatu.

Da za a mayar da ni bara zan sake sayenta, domin faranti da robobi da kwaikwayon karyayyun kaya sun kai kashi mai tsoka na aikinmu, amma zan ƙara kuɗi in ɗauki mai fitilar ƙasa da ke fitar da haske a miƙe, da ma'aunin zafi a jikinta. Wanda aikinsa sanduna ne da mazaunin rulma, kuɗinsa ya fi amfani a kan palmer mai kyau da akwatin tubalan gwaji. A shagonmu mazaunin rulma ya koma hannun palmer tun daga ranar nan ta Afrilu, fitilar mai miƙaƙƙen haske kuma na aika a kawo ta, idan ta iso sandar gwajin nan ce zan fara ɗorawa.