Garnaɗa ko Kurɗuba: amsar tambayar Hajiya kan inda za ta kai Baba

Assalamu alaikum Hajiya. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa ne don ba amsar layi biyu ba ce. Ga 'yan uwa da ba su gani ba, cewa ta yi za su je Malaga a ƙasar Sifaniya ita da mahaifinta wajen ƙaninta, rana ɗaya tak suka ware ta ganin tarihi, kuma kamfanin yawon buɗe ido ya ba su zaɓi biyu, kowanne da ɗan jagora: ko Garnaɗa a ga fadar Alhambra, ko Kurɗuba a ga tsohon masallaci. Ta ce Baba ya haura shekara 70, gwiwa na damunsa, kuma malamin zaure ne. Na je duka garuruwan biyu, da jagora da kuma ni kaɗai, toh ga abin da na gani.

Tun daga farko in faɗa miki ra'ayina kar in ja ki da nisa: in ke kaɗai ce ko da sa'anninki zan ce Garnaɗa, amma tunda da Baba ne, Kurɗuba. Bari ki ji dalili, in kin ji sai ki auna da kanki don ke kika san ƙarfinsa.

Ta fannin hanya babu wani bambanci mai yawa. Daga Malaga zuwa Garnaɗa a bas awa ɗaya da rabi ne zuwa 2, zuwa Kurɗuba a bas wajen awa 2, amma akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke kai mutum Kurɗuba cikin kamar awa ɗaya. Inda suka rabu shi ne bayan an sauka.

Alhambra ba gini ɗaya ba ne Hajiya, gari ne guda a kan tudu. Akwai ganuwar sojoji da ake ce wa Alkazaba, akwai fadojin sarakunan Banu Nasr, akwai fadar sarki Sharl na 5 da aka fara ginawa a 1527 bayan Musulmi sun rasa garin, sannan can gefe guda akwai lambun Janaralife wanda sai an sake yin tattaki kafin a kai. Zagayen da jagora yake yi da mutane kusan awa 3 ne a ƙafa, da hawa da sauka da matakala da daɓen duwatsu, kuma ayari ne, wani lokacin har mutum 30, ba za su tsaya jiran dattijo ba don su ma agogo ne ke korarsu. Shi kuwa masallacin Kurɗuba fili ne shimfiɗaɗɗe, da inuwa da sanyi a ciki ko da waje na ƙuna, awa ɗaya da 'yan mintoci an gama bayani, in Baba ya gaji ya samu benci ya zauna yana kallon ginshiƙai, ba abin da zai wuce shi.

Maganar agogon nan ki riƙe ta da kyau. Tikitin Alhambra da sunan mutum ake yankarsa da lambar fasfo, kuma dole a riƙe fasfon a hannu ranar shiga, sannan a jikin tikitin an rubuta lokacin da za a shiga fadojin Banu Nasr, in lokacin ya wuce shi ke nan, ba roƙo ba magiya. Zuwana na farko haka ta faru da wasu mata biyu a ayarinmu, sun tsaya ɗaukar hoto a Alkazaba muka shige, suka zo a makare aka hana su, wallahi har yau ina tuna yadda ɗayar ta zauna a bakin ƙofa tana share hawaye, daga wata ƙasa mai nisa ta zo. Kuma tikitin kan ƙare makonni kafin ranar, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Wani tarkon kuma, akwai tikiti mai araha na lambuna da Alkazaba kawai wanda babu fadojin a ciki, wasu kamfanonin shi suke sayarwa su rubuta Alhambra da manyan baƙaƙe. Dan Allah in Garnaɗa kika zaɓa ki sa ƙaninki ya duba ya tabbatar an rubuta Palacios Nazaríes a takardar, in babu shi to kin biya kuɗin tuwo an ba ki miya zalla. A Kurɗuba wannan fargabar kaɗan ce, tikitin ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu.

Yanzu abin da ido zai gani. Gaskiya a kyau Alhambra ta yi gaba, ban taɓa ganin aikin hannu irinsa ba. Muhammadu bn al-Ahmar ne ya kafa gidan sarautar a Garnaɗa a 1238, amma mafi yawan abin da ake zuwa kallo aikin sarakuna biyu ne a ƙarni na 14, Yusuf na 1 da ɗansa Muhammadu na 5. Akwai tsakar gida mai dogon tafki da ginin ke fitowa a cikin ruwan kamar madubi, akwai tsakar gidan zakuna, zaki 12 na farin dutse ɗauke da kwatarniyar ruwa, ginshiƙai siraru 124 sun kewaye su. Bango kuwa ba inda aka bari fili, duk sassaƙa ce da rubutu, "Wa la galiba illallah" ko'ina ka juya sai ka gan shi, ga baitocin Ibn Zamrak a jikin bango da bakin kwatarniya. A babban zauren da sarki ke karɓar jakadu rufin katako ne da aka harhaɗa da guntaye sama da 8,000 ana kwatanta sammai bakwai, kuma a ƙasan rufin Suratul Mulk ce aka zagaya da ita. A nan Baba zai fi jagoran ma, don yawancinsu haddace fassarar suka yi, shi kuwa karantawa zai yi kai tsaye daga bango. Ruwan da ke gudana a duk fadar kuma daga kogin Darro aka jawo shi ta magudana mai tsawon kusan kilomita 6, gangara kawai ke tura shi, babu inji.

Kurɗuba ba ta da wannan ƙawar, abin da take da shi kwarjini ne. Masallacinta ma ya girmi Alhambra da kusan shekara 450. Abdurrahman ad-Dakhil, wanda ya tsira daga kisan da Abbasawa suka yi wa Banu Umayya, shi ya fara masallacin wajen 785, waɗanda suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa zamanin al-Mansur a ƙarshen ƙarni na 10. Ana shiga ta farfajiya mai itatuwan lemo inda da can ake alwala, sai ki faɗa cikin duhu-duhu ki ga ginshiƙai sama da 800 sun yi sahu iya ganinki, kowanne ɗauke da bakan gizo hawa biyu, ja da fari. Mihrabin da halifa al-Hakam na 2 ya gina bayan 961 yana nan da ayoyinsa cikin ƙananan duwatsu masu ruwan zinare waɗanda aka ɗauko gwanayen aikin daga ƙasar Rumawa. Ni dai da na tsaya gabansa kasa magana na yi.

Amma ki shirya wa Baba zuciyarsa tun daga gida, kar ya je ya tarar da abin ba zato. Tun 1236 da sarki Fadinan na 3 ya ci garin aka mayar da wurin coci, kuma a 1523 aka fara gina babbar majami'a a tsakiyar masallacin, tsakiya sosai, kina tafiya cikin sahun ginshiƙai sai ki ga kin fito gaban gumaka da gicciye. Hasumiyar da Abdurrahman na 3 ya gina tana nan amma an lulluɓe ta da hasumiyar ƙararrawa. Har yau coci ke riƙe da wurin, ana ibadarsu a ciki, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla ba, masu gadi na lura sosai, ko raka'a biyu mutum ya tayar za su zo su tsayar da shi. Na ga dattijon da hakan ya yi wa ciwo ƙwarai. Ki faɗa masa ya yi addu'arsa a zuci, sallar kuma a yi ta a waje, akwai ƙaramin masallaci a lambun dandalin Kolon, kuma shi matafiyi ne ya fi mu sanin hukuncin ƙasaru da haɗa salla.

A wannan fannin na salla da abinci Garnaɗa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A unguwar Albaisin da ke tudun da ke fuskantar Alhambra akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003, ana Juma'a, kuma daga lambunsa ana hango fadar gaba ɗaya da duwatsun Siyera Nebada a bayanta. A gangaren unguwar akwai layi guda na masu shayi da gidajen abincin 'yan Maroko, halal ba wahala. Matsalar dai ita ce unguwar hawa ce tsantsa, sai an shiga tasi ko ƙananan bas ɗin nan jajaye, kuma yawancin yawon rana ɗaya daga Malaga ba sa barin isasshen lokaci a hau can. A Kurɗuba ma ana samun halal kusa da masallacin amma ki kula, akwai wata miyar tumatir mai sanyi da garin ya yi suna da ita, salmoreho, da kanta ba komai amma ana barbaɗa mata naman alade a kai, ki ce musu "sin jamón", ana furta shi sin hamon.

Abin da ya sa na karkata ga Kurɗuba saboda Baba ba gwiwa kaɗai ba ce. Malamin zaure in ya taka Kurɗuba garin malamansa ya je. Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukanmu riwayar Yahaya bn Yahaya al-Laisi ce, a Kurɗuba ya zauna ya yaɗa mazhabar Malikiyya har ya rasu a can. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Kurɗuba ne. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri sunan garin yake ɗauke da shi, Ibn Rushd ma nan aka haife shi a 1126, akwai mutum-mutuminsa a jikin ganuwa. Ita ma Garnaɗa tana da nata, Ibn Asim mai Tuhfa wadda alƙalanmu ke aiki da ita alƙalin Garnaɗa ne, kuma Abu Ishaƙ as-Sahili da ya biyo Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324 ɗan garin ne. Sai dai ita Alhambra gidan sarauta ce, shi kuwa na Kurɗuba wurin salla da karatu ne, a jikin ginshiƙan nan malamai suka jingina suna ba da darasi. Na tabbata Baba zai fi jin wannan a ransa.

Sai maganar shi ɗan jagoran, ko ya cancanci kuɗinsa. A Alhambra eh, ɗari bisa ɗari, wurin na da ruɗarwa kuma shi ke riƙe muku lokaci, sau da yawa ma ta hannun kamfanoni kawai ake samun tikiti in na shafin hukuma ya ƙare. A Kurɗuba ana iya yi babu shi, amma yana da amfani wajen nuna inda ginin kowane sarki ya tsaya na gaba ya ɗora, don ido kaɗai ba ya rabewa. Ki sani kuma wasunsu sun fi ba ɓangaren coci ƙarfi a bayani, za su daɗe a wani wuri da aka sa gilashi a ƙasa ana nuna ragowar ginin da ya riga masallacin, su ce cocin San Bisente ce, alhali masana tarihi na da saɓani a kai. Ki tambayi kamfanin ko suna da jagora mai jin Larabci, ana samu, kuma in kuɗi ya isa ku ɗauki na ku kaɗai ba na ayari ba, shi zai bi takun Baba ne maimakon Baba ya bi nasa. Ki tabbatar yana da katin shaidar gwamnatin yankin Andalus a wuya.

Wasu kamfanonin na haɗawa da Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na 3 ya gina kilomita 8 yamma da Kurɗuba bayan ya ayyana kansa halifa a 929, wanda bai kai shekara 80 ba yaƙin basasa ya rushe shi. Wuri ne mai ratsa jiki amma kufai ne a gangaren dutse, rana tsantsa ba inuwa, ban ba ki shawarar kai Baba ba, kuma ranar Litinin a rufe yake. Maimakonsa bayan masallaci ku taka a hankali zuwa tsohuwar gadar Rumawa da ke kan kogin Wadil Kabir, 'yan mintoci ne daga ƙofa kuma hanyar a miƙe take.

Ba ki faɗi watan da za ku je ba. In Yuli ne ko Agusta, zafin Kurɗuba na wuce digiri 40, irin na Sakkwato a watan Afrilu, don haka ku nemi shigar safe, ku riƙe ruwa da lema, azahar ta same ku a inuwa. In kuma ranar da kuka ware ta faɗo Lahadi ku canza ta, don ana rufe wa baƙi ƙofar masallacin na wasu awanni da rana saboda ibadar coci. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, ki gaishe min da Baba, in kin samu ranar ki faɗa min in duba miki lokutan jirgin ƙasa.