Gargaɗi ga masu son saka wufa da amfilifaya a mota: ku yi hattara da masu tallar "wat 5000"

Duk wanda yake shirin ƙara wa rediyon da ya zo da motarsa wufa (babban lasifikan da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri) da amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi), don Allah ya dakata ya karanta wannan kafin ya miƙa kuɗinsa ko makullin motarsa. Akwai masu sayarwa da masu haɗawa da suka mayar da wannan aiki hanyar cutar mutane. Tallarsu kusan iri ɗaya ce, ko a intanet ko baki da baki: "Cikakken saiti, wat 5000, da wufa da amfilifaya da wayoyi, har da aikin haɗawa, saura guda biyu kawai." Za a nuna maka kwali mai sheƙi, da sunan kamfanin da ka sani ko wanda ya yi kama da shi, da bidiyon wata mota da but ɗinta ke karkarwa. Abin da za a saka maka daban ne da abin da aka tallata. Kuɗin da za ka yi asara bai dame ni ba kamar yadda gobara ta dame ni, domin aikin irin waɗannan mutane yana iya ƙona mota da mutane a cikinta.

Mu fara da lambar nan da suke kama mutane da ita. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, abin da ta jawo daga batir da altaneta (na'urar da ke samar da wuta tana cajin batir in inji yana aiki) shi take juyawa ya zama sauti. In inji yana tashe, wutar mota ba ta wuce bolt 14.4 ko kusa da haka. Ƙarfin wat kuwa ana samun sa ne in an ninka bolt da amfiya. To, kafin a samu wat 5000 daga bolt 14.4, sai an jawo amfiya wajen 347, ko da babu ko ɗigon da ya salwanta a hanya. Altanetar yawancin ƙananan motoci tsakanin amfiya 80 ne zuwa 150, kuma da ita ake kunna fitilu da fankar inji da na'urar sanyi da kwamfutar mota. Daga ina sauran za su fito?

Yanzu juya amfilifayar ka dubi fis ɗin da ke jikinta. Sau da yawa za ka tarar da guda ɗaya mai lamba 30. Amfiya 30 sau 14.4 ya ba da wat 432, kuma wannan shi ne abin da ya shiga, ba abin da ya fito ba. Amfilifaya rukuni-rukuni ce bisa yadda aka ƙera ta: mai kyau ta rukunin D tana fitar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ta ci, sauran ya tafi a zafi; ta rukunin AB ba ta ma kai haka ba. Ke nan abin da aka rubuta wa 5000 ba zai wuce wat 350 ba ko da gaskiya aka ƙera shi, balle na jabu. Wasu manyan amfilifayoyi na gaske ba su da fis a jiki, sai dai littafinsu ya faɗi girman wanda za a saka a waya, don haka a nemi littafin a duba. Mai kaya da ya ce littafi ya ɓata, ko ya canza magana da ka tambayi fis, ya riga ya ba ka amsa.

Lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai, tare da faɗin a kan om nawa aka auna (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta). Wadda aka rubuta wa MAX ko PEAK ko PMPO ta talla ce; ita PMPO ɗin ma babu wata ƙa'ida tsayayya da ake auna ta da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Kamfanoni masu mutunci sukan bi ma'aunin CTA-2006, wanda a da ake kira CEA-2006, inda ake gwaji a bolt 14.4 da sharaɗin gurɓatar sauti ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Amma tambari ma bugawa ake yi, kuma mai jabu yana da injin bugawa. Shi ya sa na fi yarda da lissafin fis da kuma shafin kamfanin da kansa. Sunaye irin su Pioneer da JBL da Alpine da Kenwood su ne masu jabu suka fi kwaikwaya, saboda su jama'a suka sani. Ɗauki lambar samfurin da ke jikin kayan, ka neme ta a shafin kamfanin. In babu samfurin gaba ɗaya, ko hoton bai yi daidai ba, ko an canza harafi ɗaya a sunan, ajiye musu kayansu.

Kada nauyi ya ruɗe ka. "Ɗaga ka ji," in ji mai kaya. Ana samun akwatunan amfilifaya manya da in an buɗe sai a ga ɗan ƙaramin allo a lungu ɗaya, sauran wurin fayau, wani lokaci da guntun ƙarfe da aka manna don ya ƙara nauyi. Wufa ma haka: babbar rigar roba a baya, mayen ƙarfen da ke ciki kuwa ɗan mitsitsi.

Inda cutar ta fi muni shi ne wayar wuta, wadda take tashi daga batir ta ratsa ƙarƙashin kafet har zuwa baya. Waya ta gaske jan ƙarfe ce zalla, a kwalinta za ka ga OFC. Akwai wata da ake kira CCA, wadda alminiyam ce aka lulluɓe da siririn jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana ɗaukar wajen kashi 61 cikin ɗari ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, yana saurin karyewa in an lanƙwasa shi, kuma yana cin tsatsa fari a bakin mahaɗa, musamman kusa da batir inda akwai zafi da danshi. Sayar da CCA da sunanta ba laifi ba ne, wanda ya sani sai ya sayi mai kauri fiye da kima ya yi amfani da ita. Laifin shi ne a karɓi kuɗin jan ƙarfe a ba ka ita, sannan a ƙara da cuta ta biyu: a kaurara robar waje har ta yi kamar babbar waya, silin ƙarfen da ke ciki kuwa rabin abin da aka rubuta. A ma'aunin kaurin waya da ake kira AWG, ko geji, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Geji 4 na gaske ƙarfensa ya kai kusan murabba'in milimita 21, geji 8 kuwa 8 da ɗan ɗoriya. Da yawa daga abin da ake sayarwa a irin wannan saiti da sunan geji 4, in an feɗe, geji 8 ne ko ƙasa da haka. Siririyar waya da aka ɗora wa wuta mai yawa zafi take yi, kuma tana kwance ne a ƙarƙashin kafet da soso, inda ba mai ganin ta sai hayaƙi ya tashi.

Gane ta ba wuya. Ka ce a yanka maka bakin wayar a gabanka. Dubi tsakiyar silin: in ja ne har ciki, jan ƙarfe ne, in fari ne kamar azurfa, alminiyam ne. Akwai jan ƙarfe na gaske da ake shafa wa kuza a waje, shi farinsa a sama yake, cikinsa ja, wato akasin waccan. Ko ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Ko ka kanga masa wutar laita: alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selshiyas, nan da nan zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai ya wuce digiri 1000, sai dai ya yi ja ya tsaya. Mai gaskiya ba zai hana ka guntun waya ba.

Sai fis ɗin kusa da batir, wanda nake roƙon kowa ya duba da idonsa. Fis ɗin jikin amfilifaya, ita amfilifayar yake karewa. Doguwar wayar da ta taso daga batir tana buƙatar nata, kuma a kusa da kan batir ɗin, kada ya wuce santimita 45. In wayar ta goge ta taɓa jikin mota babu wannan fis, batir zai tura ɗaruruwan amfiya ta cikinta a take, robar ta kama da wuta. Masu aikin gaggawa suna tsallake shi, ko su saka wanda ya fi ƙarfin wayar don kada ya riƙa yankewa ka dawo musu da ƙorafi, wanda daidai yake da babu. Haka nan inda wayar ta huda bangon da ke tsakanin inji da cikin mota dole a sa mata zoben roba, in ba haka ba kaifin ƙarfe zai ci ta a hankali da girgizar hanya. Wayar ƙasa kuma, wato wadda ke haɗa amfilifaya da jikin mota don wuta ta koma batir, gajeriya ake so, kaurinta ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a ƙarfen jikin mota da aka kankare wa fenti.

Wata ƙaryar da ake yawan yi ita ce, "Rediyon kamfani ba ya ɗaukar amfilifaya, sai an cire an sa wani." Gaskiya ne yawancin rediyon da ke zuwa da mota ba su da ramukan RCA a baya, wato inda ake jona wayar da ke kai sauti ga amfilifaya. Amma hakan ba ya nufin a cire su. Akwai ƙaramar na'ura da ake kira LOC, wadda take karɓar sauti daga wayoyin lasifikan baya ta rage ƙarfinsa ya dace da amfilifaya, kuma amfilifayoyi da yawa na yanzu suna da mashigar da ke karɓar wayar lasifika kai tsaye. Me ya sa mai aiki zai nace sai an cire? Domin zai sayar maka da wani, sannan naka na asali, wanda ya ce "ba shi da amfani", ya zauna a wurinsa ya sayar wa wani. A motocin zamani kuma rediyon nan yana haɗe da kyamarar baya da maɓallan sitiyari da saƙonnin gargaɗi, cire shi yana iya tafiya da su duka. In har an cire wani abu daga motarka, naka ne, ka karɓa.

Ka kuma lura da hannun da zai shiga bayan dashbod. Wanda bai san launin wayoyin motarka ba, yana feɗe wannan yana gwada waccan, zai iya yanka layin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansa. Wayoyi da filogi masu launin rawaya galibi na jakar iska ce ta kariya, ba a taɓa su. Wasu motocin kuma suna da ƙananan makirfo a rufi don rage ƙugin inji; in an saka wufa ba a kula da wannan tsarin ba, sai ka ji wani ruri yana tashi da kansa ko rediyo yana shiru. Mai aiki na ƙwarai ya san da wannan tun kafin ya fara. Macuci zai ce matsalar motarka ce, ka ƙara kuɗi.

Ranar karɓar mota ita ce ranar wasan kwaikwayo. Za a murɗa maɓallin da aka rubuta wa GAIN har ƙarshe, a ƙure na ƙarin bes, a sa waƙa mai duka, madubi ya yi ta rawa, kai kuma ka ji daɗi ka biya. Wannan maɓalli ba na ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita ƙarfin sautin da ke fitowa daga rediyo da abin da amfilifaya ke iya karɓa. In aka ƙure shi, amfilifayar tana kaiwa iyakarta ta fara yanke kan igiyar sauti, zafi ya taru a naɗin wayar da ke cikin wufa har ya ƙone. Shi ne warin ƙuna da mutane ke ji bayan 'yan makonni. Wasu kuma suna haɗa wufa mai naɗi biyu ta yadda om ɗin zai sauka ƙasa da abin da amfilifayar za ta iya jurewa, don ƙara ta yi yawa a ranar gwaji, daga baya ta riƙa zafi tana ɗaukewa. In ka koma, amsar a shirye take: "Kai ne ka cika ƙara, garanti bai shafi wannan ba." In ka ce fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da bes ya buga, sai a ɗauko maka kafasita mai fitilu masu kyalli a ce ita ce magani. Kafasita ba ta samar da wuta, ajiyewa take yi ta saki na ɗan ƙiftawa. Ba ta gyara siririyar waya ko wayar ƙasa da aka ɗaura a kan fenti.

Na san akwai masu wannan sana'a da ke yin ta da tsoron Allah, kuma su ma wannan cuta tana ɓata musu suna. Irinsu ba sa jin haushi in ka tsaya a kansu. Don haka kada ka tura kuɗin kafin alƙalami ga wanda ba ka san inda za ka same shi ba, komai matsin "saura guda biyu". A buɗe kwali a gabanka, ka ɗauki hoton lambar jikin amfilifayar da ta wufar kafin a fara, ka sake dubawa bayan an gama, domin ana nuna na gaske a kan teburi a cusa na jabu a ƙarƙashin kujera. A rubuta maka a rasit sunan kowane kaya da lambarsa, da irin wayar da gejinta, da sharuɗɗan garanti.

Wanda kuma aka riga aka haɗa masa irin wannan saiti, ya buɗe bonet yau ɗin nan, ya bi jar wayar daga kan batir. In bai ga fis a kusa ba, ko ya ga robar ta yi laushi ko ta canza launi, ko wayar tana ɗaukar zafi bayan an ɗan kunna sauti, a kwance ta daga kan batir, a naɗe bakinta da tef, kada a mayar sai wani ƙwararre daban ya bi layin tun daga gaba har baya.