Yadi mai zarewa: wibin ko ɗinki biyu?

'Yar uwa, kin ce kin sayo shifon a Kasuwar Gumi ta Kaduna, tun kina yanka bakinsa ke zarewa, kina tambaya ki kai wibin ne, wato injin da ke naɗe bakin yadi da zare, ko akwai dabarar da za ki yi da kekenki na gida. Duka biyun na yi, kuma a kan shifon ni ɗinki biyu zan zaɓa, wato ɗinkin da ake yi sau biyu a ɓoye bakin yadin a ciki.

Wibin ya fi sauri, wannan ba gardama. Injin yana da wuƙa, yana datse bakin yadin yana naɗe shi da zare uku ko huɗu a lokaci guda. A atamfa, shadda da lilin mai kauri ba shi da na biyu, haka ma wurin lanƙwasa kamar hammata. Amma baƙin kekenmu Butterfly miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, dole ki ɗauki kaya zuwa wurin masu injin, su Kasuwar Barci, ki biya, in an ɗauke wuta ki jira. Sannan shifon shara-shara ne, zaren wibin yana nunawa ta waje. Na taɓa kai wata doguwar riga ruwan hoda, aka yi mata da farin zare, daga nesa ana hango layin tun daga hammata har ƙasa. Ranar kamar in yi kuka.

Ɗinki biyu kuwa haƙuri yake so. Ki bar rarar da ta ɗan wuce rabin inci. Ki haɗa yadin fuska tana waje, kamar kin yi kuskure, ki ɗinke kwatan inci daga baki. Ki rage bakin da almakashi, ki goge da dutsen guga mai ɗumi kawai, don zafi yana ƙona shifon. Sai ki juya, ki sake ɗinkewa, bakin da ke zarewa ya shige ciki ya kulle. Ko wanki nawa aka yi, ba zaren da zai leƙo. Aibinsa, yana cin lokaci ninki biyu, kuma a lanƙwasa yana tattarewa.

Masu cewa ki bi bakin da kyandir, a yadin roba ne kawai yake narkewa ya kama, auduga ci take yi da wuta. Ko a robar ma bakin yana yin tauri ya riƙa sukar fata.

Don haka gefen riga da hannu ki yi ɗinki biyu, hammata kaɗai ki kai wibin, ki tafi da zarenki kalar yadin.