Abin da ya kamata ka duba kafin ka sayi robar mariƙin sandunan golf don sauyawa a gida

Mariƙi ne kaɗai wurin da hannun ɗan wasan golf ke taɓa sandarsa, amma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai ka ga mutum yana zumuɗin sabon direba, wato sandar bugun nesa, alhali robar da ke hannunsa ta ƙeƙashe har tana sheƙi, inda babban yatsa ke zama ya lotsa. Idan roba ta yi santsi, hannu na ƙara damƙa ba tare da mai shi ya sani ba, wuyan hannu ya sandare, bugu ya lalace. Kamfanin Golf Pride mai ƙera robar mariƙi na ba da shawarar a sauya sau ɗaya a shekara ko bayan wasa 40. Ko ba ka yawan fita fili, zafin rana da gumi da maiƙon hannu suna cin roba a hankali.

Shi aikin kansa ba shi da wuya. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, fata ake naɗawa a sanda, aikin gwanaye. Kamfanin Lamkin da ya fara a Chicago a 1925 da fatar ya soma. Tun da Golf Pride ta fito da robar da ake zurawa kai tsaye a 1953, abin ya zama wanda kowa zai iya yi a gidansa. Inda ake tafka asara shi ne wajen saye. Doka ta yarda da sanda 14 a jaka, 13 daga ciki kuwa, ban da sandar tura ƙwallo rami, roba iri ɗaya ake sa musu, saboda haka kuskure ɗaya sau 13 za ka biya shi. Shi ya sa nake ganin kauri ne abin farko da za ka yanke shawara a kai, tun kafin launi, tun kafin sunan kamfani.

Kauri hawa huɗu ne: siriri, daidai-wa-daida, matsakaici, da jibgege. Matsakaici ya ɗara daidai-wa-daida da 1/16 na inci, jibgege kuma da 1/8. A takarda kamar ba komai ba, amma a tafin hannu bambancin a fili yake. Ka auna daga layin wuyan hannunka zuwa ƙarshen doguwar yatsa: ƙasa da inci 7 siriri ne, daga 7 zuwa 8¾ daidai-wa-daida, daga 8¼ zuwa 9¼ matsakaici, sama da haka jibgege. Ka lura ma'aunin biyu na tsakiya sun shiga juna, wato mutane da yawa suna kan iyaka, kuma awo kaɗai ba zai raba musu gardama ba. Gwajin da ya fi shi ne ka riƙe sandar da hannun sama kamar za ka buga. Idan yatsun tsakiya suna ɗan shafar tsokar gindin babban yatsa, kaurin ya yi. Idan sun nutse cikin tsokar, robar ta yi maka siranta. Idan akwai tazara tsakaninsu, ta yi kauri.

Siririn mariƙi na sa hannu yawan juyawa, fuskar sanda ta rufe da wuri, ƙwallo ta karkata hagu ga mai wasa da dama. Wanda ya yi kauri da yawa kan hana hannu sakewa, ƙwallo ta zame dama. Wannan ba doka ba ce da ke kama kowa. Ɗan wasan Amurka Bryson DeChambeau da jibga-jibgan robobin JumboMax ya lashe gasar US Open a 2020 da 2024. Ga mai ciwon gaɓoɓin yatsu kuwa, ba na jinkirin cewa ya gwada matsakaici ko jibgege, domin yana rage masa matsar hannu, ya gama rami 18 na cikakken wasa ba tare da yatsu sun yi tsami ba.

Ga wanda ke kan iyaka, salatif ne mafita, kuma nan ne mai aikin gida ya fi mai kai wa shago more wa. Kowane ƙarin naɗi ɗaya na salatif a ƙarƙashin roba yana ƙara kusan 1/64 na inci. Daga daidai-wa-daida, naɗi biyu ya kai ka tsakanin hawa biyu, naɗi huɗu ya kai ka matsakaici. Sai dai duk ƙarin da ka yi yana miƙar da robar, ta ƙara tauri a hannu. Idan ka ga sai ka yi huɗu ko fiye, gara ka sayi matsakaicin tun farko. Wasu kuma a ƙarƙashin hannun ƙasa kaɗai suke son kauri, saboda roba ta saba sirancewa daga sama zuwa ƙasa. Don su aka yi samfurin Plus4 na Golf Pride, wanda ƙasansa ya zo kamar an riga an yi masa naɗi huɗu.

Akwai wata lamba da masu saye ke tsallakewa: faɗin ramin cikin robar. Biyu ne suka fi yawa, 0.600 da 0.580 na inci, kuma galibin sandunan maza na yau gindinsu 0.600 ne. Ka buɗe bakin robar ka leƙa, za ka ga an buga wani abu kamar 60R, ma'ana 0.600 ce kuma kewayayya. Idan ka zura mai 0.580 a sanda mai 0.600 za ta shiga, amma za ta fito da ɗan ƙarin kauri kamar na naɗi ɗaya. Ba laifi ba ne idan da gangan ka yi. Laifin shi ne ka haɗa iri biyu a jaka ɗaya ba ka sani ba, kana mamakin abin da ya sa wata sanda ta fi wata cika hannu.

Bayan kauri sai abin da aka yi robar da shi, kuma tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: hannuna yana gumi? Zallar roba, irin Tour Velvet ko Lamkin Crossline, ita ce ta kowa da kowa. Ba ta cika laushi ba, ba ta cika tauri ba, tana daɗewa, kuma ita ce ta fi sauƙin zurawa ga sabon hannu. Wanda bai san abin da yake so ba, daga nan ya kamata ya fara. Mai zare kuwa, wadda aka saƙa zaren auduga a cikin robarta, ba ta da na biyu idan hannu ya jiƙe ko ana yayyafi, domin zaren yana shan danshi ya hana zamewa. Farashinta a jikinka yake: tana da kaushi, tana cin safar hannu, tana iya sa kanta a tafin wanda ba ya sa safa. Samfurin MCC na Golf Pride ya raba faɗan biyu, zare a sama inda hannu mai safa yake, roba mai laushi a ƙasa inda hannu marar safa yake. Ga mai gumi da ba ya son kaushi, ita nake fara nuna wa.

Sai masu taushi irin Winn Dri-Tac, waɗanda ba roba ba ce zalla. Suna da danƙo, suna shanye girgizar bugu, dattawa da masu ciwon hannu na yabonsu ƙwarai. Amma fatar samansu na saurin goguwa, wanda ke yawan atisaye zai sauya su da wuri. Irin da ke kwaikwayon naɗin fata na da, kamar Tour Wrap, tana da daɗin riƙewa a busasshen yanayi, sai dai ruwa na taɓa ta ta koma santsi.

Za ka kuma zaɓa tsakanin kewayayya da mai jijiya. Jijiyar wani siririn tudu ne da ya miƙe a bayan robar, yana zama cikin lanƙwasar yatsu yana tuna maka inda fuskar sanda ta dosa. Dokokin R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, sun yarda da ita muddin miƙaƙƙiya ce. Matsalar ita ce, idan ka zura ta a karkace, kullum ƙarya za ta riƙa faɗa wa hannunka. A karon farko ka ɗauki kewayayya. Haka ma idan direbanka mai daidaitawa ne, wanda ake kwance kansa a juya sandar, domin juyawar za ta kai jijiyar gefe.

Kada ka manta da nauyi. Roba daidai-wa-daida tana kusan giram 50, masu kauri sun fi haka. Duk ƙarin giram 4 zuwa 5 a mariƙi yana sa a ji kan sanda ya ɗan rage nauyi da maki ɗaya a ma'aunin masu haɗa sanda. Tashi daga 50 zuwa 53 ba wanda zai ji. Tashi daga 50 zuwa 70 za ka ji, saboda haka mai son jibgege ya duba nauyin da aka rubuta, akwai marasa nauyi a cikinsu. Sandar tura ƙwallo rami ita kaɗai doka ta yarda mariƙinta ya zama mai fuska shimfiɗaɗɗiya, irin na SuperStroke, kuma faɗinsa ba zai wuce inci 1.75 ba. Ita dabam ake saya mata.

Kayan aiki kuma, biyu ne ba na yarda a yi musu rowa. Na farko reza mai ƙugiya. Ana saƙala bakinta a ƙarƙashin leɓen tsohuwar roba, a ja ta nesa da jiki, ta tsaga robar ba tare da kaifi ya taɓa sanda ba. Miƙaƙƙiyar reza a kan sandar ƙarfe ɗan karce kawai za ta bari, amma a kan ta girafait, wato marar nauyi da aka yi da zaren kabon, tana yanka zaren da ke riƙe da ita, wata rana ta karye daidai wurin. Na biyu ɗan matashin roba da ake rungume sanda da shi kafin a ɗaure ta a bayis, wato ƙarfen da ke matse abu a kan teburin aiki. Ba tare da shi ba, haƙoran bayis za su lotsa ƙarfe ko su fasa girafait.

Wajen manna robar, hanya uku ce. Wadda aka fi bi ita ce salatif mai gam fuska biyu da ruwan jiƙa shi. Salatif mai faɗin inci 2, wanda ake shimfiɗawa a tsaye sau ɗaya, ya fi sauƙi a kan siririn da ake naɗawa a murɗe. Ka bar kusan rabin inci ya wuce gindin sanda, ka murɗe shi ka cusa ciki don kada ruwa ya gangara. Ka toshe ɗan hudar da ke bayan robar da yatsa, ka zuba ruwan a ciki, ka jijjiga, ka juye a kan salatif, ka tura robar gaba ɗaya ba tsayawa. Minti ɗaya ko biyu gare ka na daidaita ta kafin gam ya kama. Ruwan da aka yi musamman don wannan aiki bai cika wari ba kuma bai cika saurin kama wuta ba. Ruwan tsinka fenti ma yana yi, amma sai a wuri mai iska. Fetur kam kada ka kusance shi. Ka bar sandunan su kwana kafin ka buga.

Hanya ta biyu salatif ne da ruwan sabulu ke jiƙawa. Babu wari, babu haɗarin wuta, ta dace da mai aiki a cikin ɗaki, amma sai ka jira kusan awa 24. Ta uku injin busa iska ne: ana sa bakinsa a hudar bayan robar, iska ta buɗa ta, ta zame a kan salatif na takarda. Ba jira, kuma za ka iya cire robar lafiya lau ka ƙara naɗi ko ka rage. Idan kana da injin, babu kamarta wajen gwajin kauri, sai dai a bi a hankali, iska mai yawa na kumbura roba har ta fashe. Sayen inji don wannan aikin kaɗai bai cancanta ba.

Ƙunshin da ake sayarwa da roba 13 haɗe da salatif da reza da ruwa yana da sauƙi a aljihu, amma ka duba ko robar ta sanannen kamfani ce kuma daga dillali amintacce, domin jabu sun yi yawa a intanet. Alamarsu warin roba mai hawa kai, rubutu mai dishi-dishi, da nauyin da ba ya daidaita tsakanin ɗaya da ɗaya. Kafin ka sayi 13, ka sayi biyu ko uku masu kauri ko iri dabam-dabam, ka sa ɗaya a ayan, wato sanda mai kan ƙarfe, mai lamba 7, wata a mai lamba 8, ka buga da su na mako biyu, har da ranar da hannunka ya jiƙe. Wadda ta zauna maka ita za ka saya wa sauran, ka ƙara ɗaya a kai da salatif na rara, saboda roba kan maƙale a rabin hanya idan ruwa bai wadata ba, dole a yanke ta a sake sabuwa.