Tahliya, manyan kantuna ko Balad: ina za ka kai kuɗinka a Jidda?

Da zarar Umara ta kankama wayata ba ta hutawa. 'Yan uwa daga Kano da Zariya da Maraɗi, tambayarsu ɗaya ce: in mun gama ibada mun shigo Jidda, ina za mu yi sayayya? Shawarar da nake bai wa kowa ita ce ya fara taka sayyada a Titin Tahliya, ko da ba shi da niyyar kashe riyal ɗaya a can. A nan ne idonka da hancinka za su san kamannin kaya gangariya. Wanda bai san na gaske ba, da wuya ya gane jabu in an miƙo masa.

Sunan titin a hukumance Titin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz ne, amma ka ce wa direba "Tahliya" kawai, ya gane. Sunan ya samo asali ne daga masana'antar tace ruwan teku da ke can gefen yamma, wajen gaɓar Bahar Maliya. Titi ne mai faɗi, motoci na gudu, tsallaka shi sai da natsuwa, saboda haka ka zaɓi gefe ɗaya ka bi shi, in ka ƙare sannan ka koma ɗaya gefen. Kada ka kuskura ka fito da rana. Zafin Jidda mai danshi ne, kafin ka yi taku ɗari rigarka ta jiƙe. Bayan Magariba gari yake buɗewa, kantuna su kai sha ɗaya na dare ko fiye, da azumi kuwa har wajen sahur. Ranar Juma'a da safe kusan ko'ina a rufe yake.

Cibiyar Al Khayyat ita ce wurin da na fi kai baƙi da farko, inda kantunan irin su Louis Vuitton da Gucci suke jere. Babu ciniki a nan, babu tayi, abin da aka rubuta shi za ka biya. Kuɗinka na sayen abu biyu ne: tabbacin cewa kayan na ainihi ne, da takardar garanti da za ta yi maka aiki ko ka koma gida. Agogo mai tsada ko tabarau ko jakar da aka san sunanta, ni dai ban yarda a saye su a wani wuri ba sai a kantin kamfanin ko wakilinsa. Agogon da aka ce maka "irinsa ne sak" a rabin rabin kuɗi, ka bar wa mai shi abinsa.

Inda na fi so mu tsaya shi ne maganar turare, domin a nan Bahaushe ya fi kashe kuɗi, a nan kuma aka fi cutarsa. Gidajen turare irin su Abdul Samad Al Qurashi da Arabian Oud da Al Majed suna da rassa a manyan titunan Jidda da cikin manyan kantuna. Ka shiga, kada ka ji nauyi. Za a hura garwashi a kasko, a ɗora ɗan guntun icen oud, wato icen ƙamshi na turaren wuta, a gabanka. Ka sa ido a kan icen. Na ƙwarai za ka ga mai yana tsattsafowa yana ɗan tafasa a jikinsa, hayaƙinsa ba ya yaji a ido, ƙamshin kuma ba ya juyewa ya koma warin ƙonannen ice. Man oud kuwa da tola ake auna shi, wato kimanin mililita 12, kwatarta kusan mililita 3. Ka sa a shafa maka ɗigo a wuyan hannu, ka yi godiya ka fita, ka ci gaba da tafiyarka. Bayan awa ɗaya ka sake shinshinawa. Amfanin yawo a ƙafa ke nan, yana bai wa turare lokacin da zai faɗi gaskiyarsa.

Na koyi wannan ne da kuɗina. Shekarun baya na sayi icen oud a wani ɗan shago, baƙi wuluk, mai nauyi a hannu, farashin ya yi mini daɗi. Na aika wa mahaifiyata tsaraba. Da ta ɗora a wuta, minti biyu ƙamshin ya gudu, ɗaki ya cika da hayaƙi mai sa tari. Ashe farin ice ne aka rina aka jiƙa da turare. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, a gaban baƙinta ta kunna shi. Tun daga ranar ban sake sayen oud da ba a ƙona mini samfurinsa daga cikin wanda za a auna mini ba.

Manyan kantuna masu sanyaya ɗaki, irin su Red Sea Mall a Titin Malik da Mall of Arabia a hanyar Madina kusa da filin jirgi, su ne tsaka-tsaki. Sun dace da mai tafe da tsofaffi ko yara: ga masallaci, ga wurin cin abinci, ga kujerun hutawa. Takalma, kayan yara, abaya mai matsakaicin kuɗi, duk a nan. In zuwanka ya dace da bikin ranar ƙasa ta 23 ga Satumba, ko rangwamen ƙarshen Nuwamba, za ka samu ragi na gaske.

Sai Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Nan ma a ƙafa ake shiga, ta Titin Ƙabil zuwa Kasuwar Alawi, ƙarƙashin dogayen gidajen nan masu tagogin katako da ake kira rawashin, har ka ɓulla ta gaban Gidan Nasif. A nan za ka ji kamar kana Kantin Kwari: a taya, a ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, a kira ka. Jallabiya, darduma, carbi, hula, gyale, dabino, duk tsarabar da za a raba wa dangi da maƙwabta, kada ka saye ta a Tahliya, kada kuma ka saye ta a kantunan da ke gindin dogon agogon Makka, inda kuɗin hayar shago ke hawa kan kaya. Ka sayi dozin a Balad ko kasuwar Bab Sharif. Za ka ma iya cin karo da mai shago ko ɗan dako da zai amsa maka sallama da Hausa, domin Hausawa sun daɗe a Jidda.

Gwal shi ne ya fi buƙatar kwatanci. Bara na raka gwaggona, ta zo haɗa lefen ɗanta. A Tahliya aka fito mata da wata sarƙa da 'yan kunne, siriri, aikin ƙwarai, an jera ƙananan duwatsu. Ta juya ta a tafin hannu, ta duba hatimin da ke bayan maƙullin.

"Ɗan nan, karanta mini lambar nan, idona ba ya gani."

"750 ce, Gwaggo. Karat 18."

"To duwatsun fa, da su aka auna?"

Da su aka auna. Ta ajiye a hankali ta yi godiya. A waje ta ce mini ita gwal ajiya ce, ranar da yarinya ta shiga matsi ta kai kasuwa, dutse ba zai dawo mata da ko sisi ba. Gaskiyarta. Kuɗin gwal kashi uku ne: farashin giram na ranar, wanda kusan ɗaya ne ko'ina, sai ladan ƙira da Larabawa ke kira masna'iyya, sai haraji. Ladan ƙirar ne ke bambanta Tahliya da Balad, shi ne kuma kaɗai ake ciniki a kansa, in ka tashi sayarwa kuwa ba a mayar maka da shi. Mai son ado na zamani, Tahliya ta fi. Mai son ajiya ya nemi karat 21 mai hatimin 875 ko karat 22 mai 916, marar duwatsu, a shagunan gwal na Balad, ya sa a ɗora a ma'auni yana kallo.

Harajin sayayya a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020. A manyan kantuna yana cikin farashin da aka liƙa, a kasuwa kuwa ka tambaya "shamil dariba?" (wato da haraji a ciki?) kafin ka ce ka saya, kada a gama ciniki a ɗora maka. Ka karɓi rasit, fatura suke cewa, na gwal kuma ya nuna nauyi da karat da ladan ƙira. Lissafin canji ba wuya, dala ɗaya riyal 3.75 ce.

Gwaggo ta raba kuɗinta uku. Agogon amarya da kwatar tola biyu na man oud a Tahliya, takalma da jakunkuna a Red Sea Mall, awarwaro shida masu hatimin 875 da duk tsarabar gida a Balad. Dare biyu muka yi, na farko kallo da tambaya kawai, tana sa ni rubuta farashi a bayan wata takarda, na biyu saye. Kafin mu tafi filin jirgi muka auna akwatunan a masauki, ɗaya ta haura kilo 23 da tikitinta ya yarje mata, sai muka kwashe dardumomi huɗu muka mayar cikin ɗayar. Gwal ɗin kuwa da rasit ɗinsa a jakar hannunta ta sa, ta rataya a gaba ƙarƙashin hijabi.