Littafin soyayyar Amish ɗin da ya bar ni tsaye a bakin ruwa

Sai da na bari sati biyu suka wuce kafin na zauna rubuta wannan, don da a daren da na rufe littafin na rubuta, to masifa kawai za ku karanta.

Wajen matar nan mai sayar da littattafan Turanci na gwanjo a WhatsApp na saye shi, kun dai san yadda kuɗinsu ya koma yanzu. Bangon ne ya ja ni, wata yarinya da 'yar farar hula ta juya baya tana kallon teku. Na ce to, irin soyayyar nan ce da ake karantawa ana gyangyaɗi. Ashe ni ce ba zan yi barci ba.

Labarin mutanen Amish ne na farko-farko da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Kiristoci ne masu jin Jamusanci, waɗanda suka rabu da sauran 'yan'uwansu a 1693 suka bi Jakob Ammann. Ba sa yi wa jariri baftisma sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa, ba sa ɗaukar makami, ba sa rantsuwa, shi ya sa hukumomi a Turai suka hana su sakat. Sai suka nufi Pennsylvania, inda William Penn ya buɗe ƙofa kowa ya yi addininsa. Jirgin da ke cikin labarin ƙirƙira ne, amma kana gani ka san an ɗora shi ne a kan irin Charming Nancy, wanda ya taso daga Rotterdam ya isa Philadelphia a watan Oktoban 1737 da iyalan Amish a ciki.

Wuri ɗaya ne ya kama ni, kuma ba ma na soyayyar ba ne. Yayan yarinyar ya ɗaga hannu ya doki wani, ya ƙi tuba, sai jama'a suka ƙaurace masa. Meidung suke kiran abin, kuma tsananta shi na cikin abin da ya raba Ammann da sauran tun farko. Ba a cin abinci tare da wanda aka ƙaurace wa, ba a karɓar abu daga hannunsa. To ku duba a cikin jirgi, a ƙasa, inda mutum ko miƙe ƙafa ba ya iya yi sai ya taɓa wani. Uwar ta zuba masa nasa a wani kwano daban, ta ajiye a kan akwatin kaya, ta koma wajen sauran 'ya'yanta ba ta ko kalle shi ba. Da ya ɗaga kwanon sai ya tarar da gutsuren burodinta a ƙarƙashi. Ya juya baya ya ci, ita ma ta juya baya. Babu wanda ya ce uffan. Ni kuwa ina kan gado ƙarfe ɗaya na dare ina share hawaye da gefen zani, har maigida ya farka yana tambaya wa ya rasu.

Soyayyar ma ba laifi. Saurayin masaƙi ne, Bajamushe amma ba ɗan Amish ba, kuma ba shi da kuɗin jirgi, irin waɗanda in an isa sai wani ya biya musu su yi masa bauta ta wasu shekaru. Ita kuma an riga an yi mata baftisma, in ta aure shi kwanonta ne zai koma kan akwatin nan. Duk littafin ko hannu ba su haɗa ba. Iyakarsa ya rage mata ruwan shansa, ita kuma ta ɗinke masa hannun riga. Mu da muka tashi da littattafan soyayyar Kano mun san wannan kunyar, ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Har nan na riga na yanke zan saya wa ƙanwata kwafi.

Sai ƙarshen ya zo. Yayan nan da aka ci shafi wajen ɗari biyu ana gina taurin kansa, a rabin shafi ya tuba, aka rungume shi, shi ke nan. Haba! Aka isa Philadelphia, aka kwashi maza zuwa gari su sa hannu kan biyayya ga Sarkin Ingila, wani manomi ya zo ya biya kuɗin masaƙin ya tafi da shi, yarinya na tsaye a saman jirgi tana kallo. Na buɗe shafi na gaba da sauri. Tallan littafi na biyu na gani.

Wallahi sai da na girgiza littafin ko wasu shafuka sun maƙale. Ashe abin nan na mu haɗu a kashi na biyu ba mu kaɗai ke yinsa ba. Na yi wa mai sayarwar magana, wai ai kowa ya san uku ne. To me ya hana ki faɗa min ranar da nake tura kuɗi? Yanzu ma na tuna, ranar da ya iso bangon baya a yage yake, tsakiyarsa na warin sanyi, kuma ni na biya kuɗin mai kawowa. Na yi shiru ne kawai don labarin ya ɗauke min hankali.

Ƙanwata dai ta yi haƙuri, ba zan saya mata rabin labari ba. Aron nawa zan ba ta, ta karanta wajen kwanon nan. Na biyun kuma matar ta ce yana hanya. Jiya ma na sake tambayarta, ta turo min hoton wani littafi daban.